Waya biyu, giya huɗu: yadda ake karɓe ragamar giyar otomatik daga hannun kwamfuta

Ka ɗauka kana riƙe da sitiyarin Jeep Cherokee ƙirar 1995, a kan ɗaya daga cikin jajayen duwatsun Moab da ke jihar Utah ta Amurka, inda masu sha'awar hawan dutse da mota suke taruwa duk shekara. Gabanka hawa ne mai tsini. Ka sa ogzilari, ka jawo sandar giya har ƙasa, ka taka totur. Motar ta kama hawa a giya ta ɗaya, inji yana ruri. Saura ƙiris ka kai sama sai tayoyi suka ɗan yi santsi a kan tsakuwa, suka juya da sauri a wuri ɗaya. Na'urar auna gudu ta ga kamar motar ta ɗauki hanya, ta kai wa kwamfuta rahoto, kwamfuta kuwa ta yi abin da aka koya mata: ta sauya zuwa giya ta biyu. Ba kai ka nema ba. Ƙarfin da ke isa taya ya faɗi nan take, motar ta tsaya cak a tsakiyar hawa, bayanka kuma rami ne.

Nawa ne ƙarfin da ya faɗi? Ana iya lissafa shi. A giyabos ɗin wannan motar, giya ta ɗaya tana ninka ƙarfin juyin inji sau 2.80, ta biyu kuma sau 1.53. Ogzilari yana ƙara ninkawa sau 2.72, aksul ya ƙara sau 3.55 a yawancin masu injin lita 4.0 da giyar otomatik. Idan ka haɗa su, a giya ta ɗaya inji yana juyawa kusan sau 27 kafin taya ta juya sau ɗaya. A ta biyu bai kai sau 15 ba. Wato kusan rabin ƙarfin ya tafi, a daidai lokacin da ka fi bukatarsa.

Akwai kuma akasin haka. A cikin yashi ko taɓo sau da yawa giya ta biyu ce ta fi, don ta ɗaya tana sa taya ta haƙa rami ta binne kanta. Amma sandar giyar wannan Cherokee ɗin ba ta da mazaunin 1 daban da na 2 daban. Abin da ke rubuce shi ne P, R, N, D, 3, sai na ƙarshe "1-2", giya biyu a mazauni ɗaya, kuma kwamfuta ce ke zaɓar maka wadda za ka samu. Wannan ne ya sa masu irin motar suka daɗe suna yanke wayoyi biyu ko uku a ƙarƙashin dashbod suna ɗaura makunni na kansu. Abin da nake son mu duba a yau shi ne me ya sa wannan aikin yake yiwuwa da kayan da ba su fi cikin tafin hannu ba, da kuma abin da mutum yake ɗora wa kansa ranar da ya yi shi.

Me kwamfutar take yi a zahiri?

Sunan giyabos ɗin AW4. Kamfanin Aisin-Warner na Japan ne ya ƙera shi, Jeep kuma ta yi amfani da shi a Cherokee daga 1987 har zuwa 2001, lokacin da aka daina ƙera wannan samfurin motar a Amurka. A cikinsa akwai rukuni uku na haƙoran giya masu kewaya juna: babban haƙori a tsakiya, ƙanana suna zagaye shi, zobe mai haƙora ya rufe su ta waje. A nan haƙoran ba sa rabuwa da juna ko kaɗan. Sauya giya yana nufin a riƙe wani ɓangare kada ya juya, a saki wani, ko a ɗaure biyu su juya tare. Masu riƙewar da ɗaurewar su ne kuloci uku da birki huɗu na cikin giyabos, kuma abin da ke matse su shi ne man giya da famfo ke turawa da ƙarfi.

A ƙasan giyabos akwai wani faranti mai kauri cike da hanyoyin mai, kamar taswirar lunguna. A cikinsa akwai bawul-bawul masu zamewa gaba da baya, kowanne idan ya matsa sai ya buɗe wa mai wata hanya ya toshe wata. To su waɗannan bawul ɗin wa ke tura su? A tsofaffin giyabos na da, man ne da kansa, gwargwadon gudun mota da yadda aka taka totur. A AW4 an miƙa aikin ga wasu ƙananan na'urori da ake kira solonoyid. Solonoyid ba wani abu ba ne illa waya da aka naɗe ta zagaye ɗan ƙarfe. Idan wuta ta bi wayar sai ta zama maganaɗisu, ta ja ƙarfen, ya buɗe ko ya toshe wata 'yar ƙaramar kafar mai. Matsin man da ke bayan babban bawul ya canja, bawul ya zame, giya ta sauya. Solonoyid ba shi da ƙarfin sauya giya da kansa. Mai gadin ƙofa ne kawai, ƙarfin na mai ne.

Guda uku ne a AW4. Biyu na sauya giya, ana kiransu S1 da S2. Na ukun na kulle konbata ne, za mu zo kansa. Kowanne waya ɗaya ce ke shiga cikinsa, nagetif ɗinsa jikin giyabos ne. Idan ka auna da mita za ka samu tsakanin ohm 11 zuwa 15, wato a wutar mota kowanne yana jan kimanin amfiya ɗaya, bai kai abin da ƙwan tirafiketa ɗaya ke ja ba.

Kwamfutar giya, wadda makanikanmu ke kira burenbos ɗin giya, tana sauraron abubuwa kaɗan ne: gudun mota, yadda aka taka totur, inda sandar giya take, da ko an taka birki. Daga nan duk hukuncin da ta yanke, ta waya biyun nan take faɗa wa giyabos. Kuma kalmomi huɗu kacal ta iya:

S1 a kunne, S2 a kashe: giya ta ɗaya.
S1 a kunne, S2 a kunne: giya ta biyu.
S1 a kashe, S2 a kunne: giya ta uku.
S1 a kashe, S2 a kashe: giya ta huɗu.

Shi ke nan fa. Babu wani saƙon sirri, babu lambobi masu gudu a waya. Ko dai akwai volt 12 ko babu. Giyabos bai san wanda ya aiko da wutar ba, kuma bai damu ya sani ba.

Ka sake duba jerin nan da kyau, akwai wani abu mai ban sha'awa a ciki. Daga ta ɗaya zuwa ta biyu, S2 kaɗai ya canja. Daga ta biyu zuwa ta uku, S1 kaɗai. Daga ta uku zuwa ta huɗu, S2 kaɗai. Ba a taɓa neman solonoyid biyu su motsa a lokaci guda ba. Da an jera su kamar yadda ake ƙirga lambobin kwamfuta na yau da kullum, 00, 01, 10, 11, to a tsakiya za a bukaci biyun su canja tare, kuma ƙarfe biyu ba sa taɓa motsawa daidai da juna. Ɗaya zai riga ɗaya da ɗan ƙiftawa, a cikin wannan ƙiftawar kuma giyabos zai ji umarnin wata giyar da ba a nufa ba. Irin wannan jeri da abu ɗaya tak ke canjawa a kowane mataki, masu ilimin lantarki suna kiransa lambar Gray, da sunan Frank Gray na ɗakin binciken Bell a Amurka, wanda aka ba shi haƙƙin mallakar dabarar a 1953. Na fara haɗuwa da ita a aji, a darasin da ya yi mini kama da abin haddar jarrabawa kawai. Ban zaci zan sake cin karo da ita a jiƙe da man giya ba.

Sai abu na biyu: idan wuta ta ɗauke gaba ɗaya, sandar tana D, giya ta huɗu za ka samu. Wannan zaɓi ne mai hankali. Fis zai iya ƙonewa kana tsakar gudu a babbar hanya, kuma gara motar ta zauna a babbar giya da ta faɗa ƙarama.

Me ya sa ba kowane giyabos ne ke yarda ba

Kada ka karanta wannan ka nufi motarka ta zamani da almakashi. Abin da ya sa AW4 yake da sauƙin kai shi ne kwamfutarsa ba ta da hannu a ƙarfin matsin mai. Wannan aikin wata igiyar ƙarfe ce ke yin sa, wadda ta taso daga totur ta shiga giyabos. Ka taka da ƙarfi, igiyar ta ja, matsin mai ya ƙaru, kuloci ya kama da kyau. Saboda haka ko ka cire kwamfutar ka ajiye a gida, kuloci zai ci gaba da samun matsin da ya dace da nauyin da aka ɗora masa.

A giyabos irin 4L60E na General Motors, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, matsin man ma solonoyid ne ke daidaita shi, kuma ba kunnawa da kashewa yake ji ba, sai an riƙa auna masa yawan wutar da ke bi ta cikinsa. Na yanzu masu giya shida ko takwas kuwa sun wuce nan. Kowane sauyi yana bukatar a saki wani kuloci a kama wani a cikin ƙiftawar ido, kuma a yawancinsu kwamfutar tana zance da ta inji a kowane lokaci. A can makunni ba zai yi komai ba sai ɓarna. Ana sa musu wata kwamfutar ce da za a iya ba ta sabon umarni.

Haɗin wayar kansa

Hanya mafi sauƙi, kuma a ganina wadda ta wadaci yawancin mutane, waya ɗaya kawai take taɓawa. Idan sandar giya tana "1-2", hanyoyin man da kansu sun riga sun hana giya ta uku da ta huɗu shiga. A wannan mazaunin S2 ne kaɗai ke da magana: a kashe, ta ɗaya, a kunne, ta biyu. Don haka sai a yanke wayar S2, a sa makunni mai mazauni uku. Ɗaya ya mayar da wayar ga kwamfuta, ɗaya ya bar ta babu wuta, ɗaya ya ba ta volt 12. Matsalar da muka buɗe da ita ta ƙare ke nan.

Wanda ke son duka giya huɗun a hannunsa sai ya yanke wayoyin biyu. A nan akwai matakai biyu da bai kamata a cakuɗa su ba: makunnin da ke zaɓar wa ke ba da umarni, kai ko kwamfuta, da makunnin da ke zaɓar giya.

Na farkon shi ne mafi muhimmanci. Kowace waya da ka yanke tana da baki biyu, ɗaya ya nufi giyabos, ɗaya ya nufi kwamfuta. Bakin giyabos yana zuwa ƙafar tsakiya ta makunni, bakin kwamfuta yana gefe ɗaya, wutarka tana ɗaya gefen. Ta haka solonoyid yana sauraron mutum ɗaya ne a lokaci guda. Kuskuren da ake yi shi ne a feɗe waya a liƙa mata wuta ba tare da an yanke ta ba. Wutar ba ta san hanya ɗaya ba, za ta tafi solonoyid, ta kuma koma baya cikin kwamfuta ta ƙofar da aka yi don fita. Ko da kwamfutar ta jure, idan ta kunna nata solonoyid ɗin a kan naka, giyar da za ta fito ba wadda ka zaɓa ba ce.

Na biyun kuma, za ka iya sa makunnai biyu na ɗagawa da saukewa, ɗaya na S1 ɗaya na S2. Yana aiki, amma ni ban yarda da shi ba, ga dalili. Lambar Gray zobe ce, ba layi ba. Tsakanin giya ta huɗu da ta ɗaya ma abu ɗaya ne ya bambanta, S1. Wato kana gudu a ta huɗu, gwiwarka ko hannun yaron da ke gefenka ya taɓa makunni ɗaya, ka umarci giya ta ɗaya ke nan. Makunni mai juyawa, irin na fankar sama, mai mazauni huɗu a jere, ya fi, domin ba ka isa ɗaya daga huɗu sai ka bi ta uku da biyu.

To amma shi ma yana da tarko, kuma ni kaina na faɗa ciki lokacin da na gwada haɗin a kan tebur, da ƙwan fitila biyu a madadin solonoyid. Mazauni na 1 zuwa wayar S1, lafiya. Na 3 zuwa wayar S2, lafiya. Na 4 babu komai. Na 2 yana bukatar duka biyun, sai na haɗa shi da su kai tsaye. Da na ba shi wuta, a mazauni na 1 fitilu biyu suka kama, a na 2 biyu, a na 3 ma biyu. Ashe na ɗaure S1 da S2 da juna na dindindin ta ƙafar nan ta biyu. Da a mota ne, giya biyu kawai zan samu, ta biyu da ta huɗu.

Maganin shi ne dayod, ɗan abin nan da ke barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kawai. A sa guda biyu daga ƙafa ta 2, ɗaya zuwa S1 ɗaya zuwa S2, gefen da ke da zoben fari yana kallon solonoyid. Wuta za ta fita daga ƙafa ta 2 zuwa ko'ina, amma ba ta iya dawowa ta tsallaka ɗaya ɓangaren. A zaɓi mai ɗaukar amfiya 3, irin su 1N5408, don ya samu sarari. Yana cin kimanin volt 0.7, solonoyid ba zai ji ba. Wanda ya samu makunni mai hawa biyu a ciki, kowane solonoyid da hawansa, ba ya ma bukatar dayod.

Akwai wata ƙaramar magana da ta burge ni game da irin makunnin. Wasu suna sakin ƙafar baya kafin su taɓa ta gaba, wasu suna taɓa ta gaba kafin su saki ta baya. Nau'in farko yana barin ɗan gibi da babu wuta ko'ina, babu wuta kuwa sunanta giya ta huɗu. Gibin gajere ne, mai ba ya saurin amsawa haka, amma idan hannunka ya yi nawa a tsakiya zai amsa. Nau'i na biyu ba shi da wannan aibin. Tsakanin 1 da 2 duka biyun a kunne suke, wato ta biyu. Tsakanin 2 da 3 ma ta biyu. Tsakanin 3 da 4, ta uku. Kullum ɗaya ce daga cikin maƙwabtan biyu.

Sauran kayan na rewaya ne na yau da kullum. Wutar ta fito daga layin da ke mutuwa idan an zare makulli, in ba haka ba solonoyid zai kwana yana shan batir. Fis na amfiya 5 ya zauna kusa da inda aka ɗebo wutar, ba kusa da makunni ba. A sa wani dayod ɗin a juye tsakanin kowace wayar solonoyid da jikin mota, domin naɗaɗɗiyar waya idan an yanke mata wuta farat ɗaya tana harbo ƙarfin lantarki da ya ninka na batir sau da yawa, shi ne ke cinye bakin makunni a hankali. Launin wayoyi kuwa ya sha canjawa tsakanin shekaru, don haka a nemi zanen wayar shekarar motar, sannan a tabbatar da mita: wayar da ta nuna ohm 11 zuwa 15 tsakaninta da jikin mota, ita ce ta solonoyid. A motocin ƙarshen shekarun 1990 kwamfuta tana lura idan an raba ta da solonoyid ɗinta, sai ta kunna fitilar gargaɗi. Ana rarrashinta da rezista mai ohm daidai da na solonoyid, a jona shi a bakin kwamfuta duk lokacin da kake tuƙi da hannu. Lissafi ya nuna zai riƙa fitar da zafin kusan wat 15, saboda haka a sa mai wat 25, a ɗaure shi a jikin ƙarfe, nesa da kafet.

Sandar giya ba ta yi ritaya ba

Ga inda mutane da yawa ke ruɗewa. Ka gama haɗi, sanda tana D, ka murɗa makunninka zuwa 1, ka fuskanci gangara. Kana tsammanin inji zai riƙe motar. Sai ka ga tana ƙara gudu kamar an sa ta a firi.

Babu laifi a wayarka. A mazaunin D, abin da ke riƙe haƙoran giya ta ɗaya wani kuloci ne mai kamawa ta fuska ɗaya, daidai da firiwil ɗin keke. Idan ka taka feda, taya na juyawa. Idan kana gangarowa, taya na gudu feda na tsaye. Haka inji ke iya tura taya amma taya ba ta iya tura inji. Sai ka jawo sanda zuwa "1-2" sannan mai ke isa wani birki na ciki da ke riƙe ɓangaren ta kowace fuska, a nan ne inji ke zama birki. Giya ta biyu ma haka take, a D ba ta riƙe mota a gangara. Wannan bawul ɗin hannunka ne ke tura shi ta sanda, wuta ba ta isa wurin ba. Makunni yana zaɓar giya, sanda tana zaɓar ko giyar za ta riƙe mota. P, R da N ma na sanda ne. Kuma tunda kwamfutar kanta S1 kaɗai take kunnawa a ribas, ka saba da mayar da makunninka 1 kafin ka ja baya.

Abin da ka karɓa ba tare da ka sani ba

Kwamfutar nan da ta ba ka haushi a kan dutse tana yin wani aiki da ba a gani, wato ƙin bin umarni. Idan kana gudu ka fizgo sanda zuwa "1-2", ba za ta ba ka ta ɗaya ba. Za ta kunna S2 ta riƙe ka a ta biyu har gudu ya sauka. Yanzu ka cire ta daga hanya, makunninka yana 4, wato babu wuta a S2, ka fizgo sandar a kan gudun kilomita 100 a awa. Mun riga mun faɗi ma'anar S2 a kashe a wannan mazaunin.

Mu yi lissafin. Taya mai lamba 235/75R15 tana cin kimanin mita 2.3 a kowane juyi. A kilomita 100 a awa tana juyawa kusan sau 725 a minti. Ninka da 3.55 na aksul, ka samu kusan 2,570. A giya ta huɗu inji yana tafiya cikin natsuwa a ƙasa da juyi 2,000. A ta ɗaya kuwa, ninka 2,570 da 2.80, ya kai wajen 7,200, alhali jan layin wannan injin yana wajen 5,000. Na'urar da ke hana inji wuce iyaka mai kawai take yankewa, ba ta iya hana taya jan sa. Ko dai inji ya ci kansa, ko birkin cikin giyabos ya ƙone, ko tayoyin baya su ja ƙasa motar ta juya da kai. Saboda wannan nake ganin tuƙin hannu na daji ne. Da an hau kwalta a mayar wa kwamfuta kayanta.

Sai zafi, wanda shi ba ya ihu. Tsakanin inji da giyabos akwai konbata, fanka biyu ne suna kallon juna a cikin mai, ɗaya na kaɗa man, man na kaɗa ɗayar. Duk bambancin gudun da ke tsakaninsu zafi yake zama. Idan ka manta makunni a 3 ko 4 ka tashi daga tsaye, motar za ta motsa, da nauyi, amma konbata ne ke biyan kuɗin. Man giya yana son zama a wajen digiri 80 na ma'aunin Selsiyos. Idan ya daɗe sama da 120 yana saurin lalacewa, ya yi baƙi, ya yi ƙauri, fatun kuloci su bi bayansa. Duk wanda zai yi wannan haɗin ya sa agogon zafin man giya, kuma ƙarin ɗan lagireton sanyaya mai ba asara ba ne.

A nan ne solonoyid na uku yake da amfani. Idan aka kunna shi, wani kuloci a cikin konbata yana ɗaure fankokin biyu su zama abu ɗaya, santsi ya ƙare, zafi ya ragu. A doguwar tafiya cikin yashi a giya ta biyu ko ta uku wannan babbar riba ce. Sai dai motar ta koma kamar mai giyar hannu da ba a taka mata kuloci ba: ka tsaya a giya ta biyu da kullen a ɗaure, inji ya mutu, kuma da inji ya mutu sitiyari da birki suna yin tauri. Kwamfuta tana sakin kullen da zarar an taka birki. Kai ma sai ka kwaikwaye ta, ka bi da wutar S3 ta cikin rile da ke buɗewa duk lokacin da fitilar birki ta kama.

Ɗan'uwansa da ke kan hanyoyinmu

Cherokee ba ta yi yawa a wajenmu ba, amma giyabos ɗinta yana da ɗan'uwa na jini da ka sha shiga ba ka sani ba. Toyota tana kiran nata A340, shi ma Aisin ce ta ƙera, kuma yana cikin tsofaffin Hilux Surf da 4Runner da Prado masu giyar otomatik. Jerin S1 da S2 ɗin ɗaya ne. Bambancin da za a kula da shi shi ne wasu na baya-bayan sun bar igiyar totur sun koma daidaita matsin mai da lantarki, waɗannan kuwa ba a yi musu wannan haɗin haka kawai.

Ko ba ka da niyyar yanke waya ko ɗaya, sanin kalmomi huɗun nan zai iya cece ka daga kashe kuɗi. Mota irin wannan da ta wayi gari tana tashi da nauyi a D, kamar an ɗaura mata tirela, amma da ta ɗauki gudu sai ta tafi lafiya, sau da yawa a giya ta huɗu take tashi domin wuta ba ta isa solonoyid. Littafin gyaran Toyota da kansa ya tanadi gwajin. A zare soket ɗin solonoyid, a tuƙa motar da sanda kawai a wurin da babu cunkoso: L ya ba da giya ta ɗaya, 2 ya ba da ta uku, D ya ba da ta huɗu. Idan haka ta yi, haƙora da kuloci lafiyarsu ƙalau, matsalar tana ɓangaren wuta. Sai a fara da fis, a bi da soket ɗin da ke jikin giyabos inda ruwa da laka ke taruwa, sannan a ɗora mita a kan kowane solonoyid a ga ko yana tsakanin 11 da 15, tun kafin makaniki ya ce a sauke giyabos.